Filin Tambayoyin Lafiya: Ƙarin Mafitsara da Ke Tayar da Hawan Jini Lokacin Fitsari

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne mazaunin Jos, maiɗakina kuma 'yar shekara 34 ce, muna da 'ya'ya uku. Kusan shekara biyu ke nan duk lokacin da ta shiga banɗaki ta yi fitsari, musamman da asuba, sai ta fito riƙe da kai, gabanta na dukan uku-uku, gumi ya jiƙe ta sharkaf ko da a tsakiyar hunturun Jos ne. Sau biyu tana yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki da buta a hannu, amma bayan minti goma ko sha biyar sai ta wartsake kamar ba ita ba. Dangi suka ce iska ce, tunda a banɗaki abin yake samun ta, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. A wani asibiti an ce hawan jini ne, sai dai wata rana a auna a ga ya yi sama, wata rana kuma a ga lafiya lau. Da ta fara fitsarin jini aka ba ta maganin tsargiya, bai tsaya ba. A ƙarshe hoton ciki ya nuna ƙari a mafitsara, aka sa ta tara fitsarin kwana guda a galan aka kai gwaji, likitoci suka ce ƙarin yana fitar da wani sinadari, kuma sai an yi tiyata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sun ɗaga aikin zuwa mako biyu, sun ba ta ƙwaya, sun ce ta ƙara gishiri a abinci, ita da aka hana gishiri tun bara. Likita, shin ciwon daji ne? Me ya sa ba za a yi mata kemo a huta da yanka ba? Idan kuma tiyatar ta zama dole, me ake jira?

Daga wani mai karatu, Jos.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba uwargida lafiya, Ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi mata. Ban duba ta da kaina ba, saboda haka maganar likitocinta ita ce gaba da tawa, amma abin da ka zayyana ya yi daidai da wani ƙari da ake kira faragangiliyoma na mafitsara. Ƙari ne da ba kasafai ake ganin sa ba, domin a cikin ƙarin mafitsara dubu da wuya a sami guda irinsa, kuma sai a shekarar 1953 aka fara bayyana shi a rubuce-rubucen likitanci. Likita yana iya yin shekaru da dama yana aiki bai ci karo da ko ɗaya ba, wannan ne ma ya sa masu ɗauke da shi kan daɗe suna yawo tsakanin asibitoci kafin a gano bakin zaren.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke zaune kamar hula, wadda ke fitar da sinadaran da ake kira adiranalin da noradiranalin. Su ne suke tashi a jikin mutum idan ya firgita, kamar wanda mota ta kusa bugewa a hanya: zuciya ta yi ta bugawa da sauri, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, gumi ya keto. Irin ƙwayoyin halittar da ke yin wannan sinadari ba a saman ƙoda kaɗai suke ba, akwai 'yan tsiraru da ke warwatse tare da jijiyoyin saƙo a wurare daban-daban na jiki, har da cikin tsokar bangon mafitsara. Idan waɗannan suka yi ta hayayyafa suka zama ƙari, sai a sami wata 'yar ma'ajiyar sinadarin firgita a binne cikin tsoka. Duk sanda mafitsara ta cika ta miƙe, ko ta matse domin fitar da fitsari, sai ta matsa ƙarin kamar yadda ake matsa lemo, sinadarin ya kwarara cikin jini lokaci guda. Wannan shi ne ciwon kai da bugun zuciya da gumin da kake gani. Asuba ta fi tsanani ne saboda mafitsara ta kwana tana cika. Jiki kuma yana saurin narkar da sinadarin, shi ya sa kafin ku isa asibiti awon jininta ya koma daidai, har wani ya zaci ba ta da komai.

Ban ga laifin danginku ba da suka yi tunanin iska, domin duk wanda ya ga mace lafiyayya tana faɗuwa a ƙofar banɗaki kaɗai, ba a ɗaki ba, ba a kicin ba, dole zuciyarsa ta kai shi can. Addu'a kuma ba ta taɓa hana neman magani ba. Sai dai ina roƙon masu karatu su riƙe wannan alama: wanda ciwon kai da faɗuwar gaba da gumi ke zuwar masa a daidai lokacin fitsari ko jim kaɗan bayansa, ya sami na'urar awon jini irin ta gida, ya auna kafin ya shiga, ya sake aunawa da zarar ya fito, ya rubuta a takarda har tsawon kwanaki, ya kai wa likita. Wannan 'yar takarda tana iya rage wa mutum wahalar shekara biyu. Haka ma fitsarin jini: gaskiya ne tsargiya ta yi yawa a ƙasarmu, musamman ga waɗanda suka taso suna wanka a rafi ko kududdufi, amma babban mutum da aka ba shi maganinta jinin bai tsaya ba, wajibi ne a ɗauki hoton mafitsararsa.

Gwajin galan da aka yi mata yana neman wani abu ne da ake kira metanefirin, wato ragowar da sinadarin ke bari bayan jiki ya narkar da shi. Ƙarin yana zubo wannan ragowa a kowane lokaci, ko ana cikin tashin ciwon ko ba a ciki, shi ya sa gwajin ya fi awon jini dogaro. Ana iya yin sa a fitsarin awa 24 ko a jini, bayan an kwantar da mutum rigingine na kamar minti 20 zuwa 30. Daga nan sai hoton CT ko MRI domin a ga girman ƙarin da inda ya zauna, a kuma duba ko yana da 'yan'uwa a wani wuri.

Tambayarka ta ko daji ne tana buƙatar natsuwa. Wannan ƙari ya bambanta da dajin mafitsara da aka saba gani, wanda ke tsirowa daga fatar cikin mafitsara, galibi ga masu shan taba ko waɗanda tsargiya ta daɗe a jikinsu. Mafi yawan faragangiliyoma suna zaune ne a inda suka tsiro, kuma idan aka cire su gaba ɗaya mutum yana warkewa. Wasu kuwa suna yaɗuwa zuwa kaluluwar ƙugu, ko ƙashi, ko hanta, ko huhu. Matsalar ita ce ko an sa ƙarin a ƙarƙashin madubin gwaji ba a iya rantsuwa a ce wannan zai yaɗu, wancan ba zai yaɗu ba. Saboda haka ne tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina raba su gida biyu, wato masu illa da marasa illa, ta ce a ɗauki kowannensu a matsayin wanda zai iya yaɗuwa. A aikace ma'anar wannan ita ce idan hotuna ba su nuna komai a wani wuri ba, fatan warkewa yana da ƙarfi ƙwarai, amma za a ci gaba da bibiyarta bayan aiki.

Game da kemo, wato magungunan daji da ake ɗurawa ta jijiya, na fahimci abin da ke ranka, domin babu wanda yake son a sa wa iyalinsa wuƙa. Amma a wannan ciwo kemo ba ya maye gurbin tiyata. Magungunan kemo sun fi kama ƙwayoyin da ke rarrabuwa da sauri, shi kuwa wannan ƙari yawanci a hankali yake girma, saboda haka ko an yi sa'a ya amsa, raguwa kawai zai yi, ba zai ɓace ba, kuma abin da ya rage zai ci gaba da zubo sinadari. Ga ƙarin da ke wuri guda, wanda hannun likita zai iya kaiwa gare shi, cirewa ita ce magani. Da za a ɗora ta a kan kemo yanzu, da an jawo mata amai da zubewar gashi da raunin garkuwar jiki a kan abin da aikin 'yan awoyi zai iya kawarwa.

Yanzu sai batun jira, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci a duk wasiƙarka. Mako biyun nan da kake gani kamar ɓata lokaci, cikin aikin suke. Ka tuna cewa matsawar fitsari kaɗai tana kayar da ita. To, ka kwatanta abin da zai faru a ɗakin tiyata lokacin da aka sa mata allurar barci, aka zura bututun numfashi, likita kuma ya kama ƙarin da hannunsa yana juya shi. Idan ba a shirya jiki ba, jini yana iya hawa ya wuce 250 cikin daƙiƙoƙi, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki, ko tsayawar zuciya, ko taruwar ruwa a huhu. An sha samun irin wannan tashin hankali a wurare da dama na duniya, inda aka shiga da na'urar leƙe da niyyar yanko ɗan yanki don gwaji ba tare da an san irin ƙarin da ake taɓawa ba. Likitocinta sun gano shi kafin su taɓa shi, kuma wannan babban abin godiya ne.

Ƙwayar da aka ba ta, ina kyautata zaton ɗaya ce daga cikin doksazosin, ko firazosin, ko fenoksibenzamin. Aikinsu shi ne su toshe ƙofofin da sinadarin ke bi ya tsuke jijiyoyin jini, ta yadda ko ya kwararo ba zai sami inda zai kama ba. Ana fara su kwana 7 zuwa 14 kafin aiki, ana ƙara yawansu sannu a hankali har awon jini ya sauka ƙasa da 130 bisa 80 a zaune. Gishirin kuma ga dalilinsa. Shekara biyu jijiyoyinta suna a tsuke, don haka ruwan da ke zagayawa a cikinsu ya ragu, kamar yadda ƙaramin tiyo ba ya ɗaukar ruwa da yawa. Da zarar an ɗaure jijiyar ƙarin aka cire shi, sinadarin zai yanke, jijiyoyin su saki gaba ɗaya, idan kuwa babu isasshen ruwa a ciki sai jini ya faɗi warwas. Gishiri da yawan shan ruwa suna cika jijiyoyin ne tun kafin ranar. Wannan umarni nata ne ita kaɗai, na ɗan lokaci, kuma a ƙarƙashin kulawar likita. Kada wani mai hawan jini ya karanta wannan ya koma wa gishiri.

A cikin waɗannan kwanaki za ta iya jin jiri idan ta miƙe da sauri, hancinta kuma yana iya toshewa. Alamu ne cewa maganin yana aiki. Ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta tashi, ka riƙa raka ta banɗaki da asuba, kada ta kulle ƙofa ta ciki, kada kuma ta riƙe fitsari har mafitsara ta cika maƙil. Ina kuma gargaɗinka da babbar murya kan sayen magani a kemis. Magungunan rage bugun zuciya irin su firofaranolol da atenolol, idan aka sha su kafin waccan ƙwaya ta kama jiki, suna ƙara hawan jinin ne maimakon su sauke shi, shi ya sa likita ba ya ƙara su sai daga baya. Haka maganin amai da ake kira metokulofiramaid, da wasu magungunan mura masu buɗe hanci, duk suna iya tayar da ciwon.

Aikin da aka fi yi shi ne a yanke ɓangaren bangon mafitsara da ƙarin ke ciki, tare da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa, a ɗinke sauran. Kankarewa ta cikin mafitar fitsari, wadda ake yi wa sauran ƙarin mafitsara, sau da yawa ba ta isa a nan, domin saiwar tana can cikin tsoka. Cire mafitsara ɗungurungum sai idan ƙarin ya yi girma sosai ko ya zauna a inda ba za a iya raba shi da ita ba. Za ta kwana ɗaya ko biyu ana sa ido sosai a kan awon jininta da sukarinta, za ta zauna da robar fitsari na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a watannin farko za ta riƙa yawan zagayawa kafin mafitsarar ta sake buɗewa. Aiki ne da ke son babban asibiti inda likitan mafitsara da likitan sinadaran jiki da mai ba da allurar barci za su haɗa kai, kuma akwai sashen kulawa ta musamman, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Yanke ɓangaren mafitsara ba ya taɓa mahaifa, amma ku dakata da neman ciki har sai an yi aikin an tabbatar sinadarin ya sauka, domin juna biyu tare da wannan ƙari haɗari ne ga uwa da ɗa.

Bayan mako 2 zuwa 6 da aiki za a maimaita gwajin metanefirin, daga nan kuma sau ɗaya a shekara, aƙalla na shekara 10, ga masu irin nata ma an fi son a ci gaba har tsawon rai. Sannan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu wannan rukunin ƙari sun gaje shi ne, kuma canji a ƙwayar gado da ake kira SDHB shi ya fi alaƙa da yaɗuwa. Ku tambayi likitocinta yadda za a yi gwajin gado, ku kuma bincika ko a danginta akwai wanda hawan jini ya kama tun yana matashi, ko wanda ya rasu farat ɗaya a wurin tiyata ko haihuwa. Amsar tana da amfani ga 'ya'yanku uku da 'yan'uwanta.

TAMBAYA TA BIYU

Likita, barka da aiki. Shekara shida da suka wuce an cire wa mahaifinmu irin wannan ƙari daga mafitsara, ya sami sauƙi har ya daina zuwa asibiti. Bana ciwon baya ya matsa masa, aka gano abin ya koma ƙashin baya da hanta. An ce za a fara masa kemo mai suna CVD. Shin zai warkar da shi? Yaya za mu kula da shi a gida?

Daga wata mai karatu, Kubwa, Abuja.

AMSA

Malama, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya ba ku ladan jinya. Zan gaya miki gaskiya yadda take, domin kin cancanci a gaya miki. Idan wannan ƙari ya yaɗu zuwa ƙashi da hanta, kemo ba ya kawar da shi baki ɗaya. Abin da ake nema shi ne a rage girmansa, a rage sinadarin da yake zubowa, a sauƙaƙa ciwo, a kuma ja masa birki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ciwon a jikin mutane da yawa tafiyar hawainiya yake yi, kuma akwai waɗanda suke rayuwa da shi shekaru masu yawa suna harkokinsu.

CVD haruffan farko ne na magunguna uku: sayikulofosfamaid, da binkiristin, da dakabazin. Likitoci a Amurka ne suka bayyana amfanin haɗa su a kan wannan ciwo a 1988, kuma har yau shi ne haɗin da aka fi amfani da shi. Ana ɗura duka ukun a rana ta farko, a maimaita dakabazin a rana ta biyu, sai a huta, a sake zagayowa bayan mako uku zuwa huɗu. Kimanin mutum ɗaya cikin uku ne ƙarinsa ke raguwa a hoto, wasu kuma ƙarin yana tsayawa inda yake, awon jininsu ya daidaita. Yawanci bayan zagaye biyu zuwa huɗu ake sake hoto da gwaji a ga ko ana cin riba.

A gida, abu na farko shi ne kada ya daina shan ƙwayar hawan jinin da ke toshe sinadarin, domin lokacin da kemo ke fasa ƙwayoyin ƙarin, abin da ke cikinsu yana iya kwararowa cikin jini a kwanakin farko. Ku riƙa auna jininsa safe da yamma kuna rubutawa. Sayikulofosfamaid yana fita ta fitsari kuma yana iya ƙona fatar mafitsara, ga shi tasa an taɓa yi mata aiki, saboda haka ya sha ruwa sosai, ya riƙa fitsari a kai a kai, idan kuka ga jini ku koma asibiti. Binkiristin yana kawo taurin bayan gida da jin dindiris a yatsun hannu da ƙafa, ku sanar da likita da wuri domin a rage yawansa. Dakabazin shi ne mai tayar da zuciya, kuma a nan ku tunatar da duk wanda zai rubuta maganin amai irin ciwon da Baba ke da shi, saboda a kauce wa metokulofiramaid. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye garkuwar jiki tana yin ƙasa, don haka zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni ba na a ce maleriya ce a sayo magani ba ne, na tafiya asibiti ne a daren. Masu zuwa dubiya da mura ko tari su yi haƙuri su gaishe shi ta waya.

Ciwon bayan kuma kada a bar shi ga kemo kaɗai. Gashin haske, wato gasa ƙarin da wani haske mai ƙarfi daga na'ura, idan aka yi shi a daidai ƙashin da abin ya taɓa yana rage zafi sosai, kuma ana yin sa a Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja. Idan ya fara jin nauyi ko rauni a ƙafafu, ko fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, alama ce ƙarin yana danne lakar baya, kuma awoyi ne ke raba wanda zai ci gaba da tafiya da wanda ba zai sake takawa ba. Ku kai shi nan take.

Akwai wasu hanyoyi bayan CVD da ya dace ku tattauna da likitansa. Akwai ƙwayar temozolomaid da ake sha ta baki, wadda ta fi amfani ga masu canjin SDHB. Akwai kuma magunguna masu ɗauke da haske da ake ɗurawa ta jijiya su je su manne wa ƙarin, kamar MIBG da lutetiyom, amma sai an fara yin hoto na musamman an ga ƙarin yana kama su, kuma suna da tsada da wuyar samu. Wani lokaci ma ana sake yin tiyata a rage babban ƙulli a hanta domin sinadarin ya ragu. Ku je ganawa ta gaba da takardun aikin da aka yi masa shekara shida da suka wuce, musamman sakamakon gwajin naman da aka cire, ku kuma nemi a yi muku bayanin gwajin gado, ke da sauran 'ya'yansa.